Me zan karanta wa Baba bayan sallar Isha'i?

Baban Sadiƙu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Mahaifina tsohon malamin firamare ne, shekara 35 ya yi yana riƙe da alli. Yau shekara biyu ke nan idonsa ya yi rauni, yanar ido ce, an yi masa aiki a ɗaya amma har yanzu ba ya iya ganin ƙananan rubutu. Mutumin da a da ba ya barci sai da littafi a ƙirji, yanzu sai rediyo. Ranar Juma'a na shiga ɗakinsa na tarar yana shafa bangon wani tsohon littafinsa. Bai ce min komai ba, amma abin ya tsaya min a rai. Na yi niyyar in riƙa karanta masa wani abu kullum bayan Isha'i. Daga kasuwa nake dawowa a gajiye, abin da zan iya riƙewa kullum ba fashi bai wuce minti 15 ba. Don haka gajeren abu nake so, wanda za a fara a gama a zama ɗaya: labari, ko waƙa, ko tarihi, irin na da. Yarana uku za su zauna tare da mu, babban shekararsa 12, ƙaramar 6. Don Allah wanda ya san abin da ya dace ya taimaka.

Malama Ta Zazzau: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, kai kuma Allah ya sa naka su yi maka. Kada ka wahalar da kanka da nema, fara da Magana Jari Ce. Kamar don irin wannan zama Abubakar Imam ya tsara shi. Ka tuna yadda littafi na ɗaya yake: Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ɗansa Musa yana so ya sulale ya bi su, waziri kuma ya ɗana masa tarko a waje, sai aku ya riƙa tsare shi da labari kowane dare har gari ya waye. Kowane labari da kansa yake tsaye, yawancinsu ba sa wuce minti 10 zuwa 15 in ana karantawa a bayyane. In ni ce, da Kalala da Kalalatu zan buɗe, inda matar ta cinye kaji biyun da aka soya don baƙo, ta ce wa baƙon wuƙar da maigida yake wasawa tasa ce, ta koma ta ce wa maigida baƙo ya gudu da kaji. Na sha karanta wa 'yan aji ɗaya na sakandare shi, ban taɓa kai ƙarshe ba tare da an yi ta dariya har da hawaye ba. Daga nan sai Sahoro da Sahorama, sai Yaro Ɓata Hankalin Dare Ka Yi Suna. Littafi uku ne, sun fito tsakanin 1937 da 1939, za su kai ku wata da watanni.

Ɗan Birni: Malama, Baba fa malamin makaranta ne na da. Ina jin Magana Jari Ce a kansa yake tun daga bango har bango. Ba gara a kawo masa abin da bai sani ba?

Malama Ta Zazzau: Ai shi ya sa na ce a fara da shi. Tsoho ya fi jin daɗin abin da zai riga ka faɗar ƙarshensa. Za ka ga yana gyara maka karatu, yana ce wa jikoki "ku saurara, yanzu za ta yi ta". Malami ne, a bar shi ya koma kujerarsa ta malanta.

Ɗan Birni: Na yarda da wannan. To ni ga tawa gudummawar, tarihin Kano, wanda aka jera sarakuna 48 tun daga Bagauda a 999 har zuwa Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19. Da Larabci aka rubuta shi, amma akwai fassararsa ta Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, sannan Wazirin Kano Abubakar Dokaji ya bi labarin a Kano Ta Dabo Cigari. Abin da ya sa ya dace da kai, Baban Sadiƙu, kowane sarki da nasa babi, wani ma bai cika shafi ɗaya ba. Sarki ɗaya, dare ɗaya.

Amma kada ka tsallake farkon, wato labarin Barbushe. Ƙato ne mafarauci, an ce da sanda yake kashe giwa ya ɗauko ta a ka. A kan Dala yake zaune, shi kaɗai yake shiga katangar da ta kewaye bishiyar Tsumburbura, jama'a su taru a gindin dutse da baƙaƙen dabbobi, ya shiga ya fito ya faɗa musu abin da zai faru a shekara. Shi ne ya gaya musu wani baƙo zai zo da runduna ya mallake su, a sare bishiyar nan, a gina masallaci. Na karanta wa yarana wannan, washegari na hau da su Dala, suka tsaya suna kallon birni daga sama. Har yau ƙaramin yana tambayata ina aka ajiye giwar.

Bayan Barbushe, wuraren da suka fi daɗi su ne zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, lokacin da Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci ƙarƙashin Abdurrahman Zaite. Sai Kanajeji da ya kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Sai Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, mai abubuwa 12 da ya fara: gidan sarautar da ake ciki har yau, Kasuwar Kurmi, majalisar Tara ta Kano, kakaki, figini, da sauransu. Ka sa babban yaronka ya ƙirga su da yatsa, ya gaya maka nawa ya taɓa gani da idonsa a hawan Sallah. Gaskiya akwai babin da jerin sunayen jarumai ne kawai, wane da wane da wane. Irin wannan ka yi sauri ka wuce, sai fa in Baba ya ce a tsaya.

Malam Basakkwace: Salamu alaikum. Allah shi ƙara ma Baba lahiya. Ɗan Birni ya kawo na Kano, to ga na Sakkwato. Ku nemi Waƙar Gewaye. Nana Asma'u ɗiyar Shehu taw wallafa ta da Fulatanci, ƙanenta Isa ɗan Shehu yam maishe ta Hausa. Tana bin sawun jama'ar Shehu wuri-wuri, tun daga Ɗagel, da hijira zuwa Gudu a 1804, da Tabkin Kwatto, da wahalar da anka sha a Tsuntsuwa da Alwasa, har cin Alƙalawa a 1808. Tana da tsawo, amma wurin yanka ta a bayyane yake, kowane zango dare guda. Kuma a sani, waƙoƙin Nana ba don a ajiye su cikin gafaka anka yi su ba. Jajojinta, matan da taka naɗa ma malafa, su ka hardace su su tahi ƙauyuka su rera ma mata 'yan taru. Ke nan tun asali gajeren karatu ne na wanda aiki ya yi ma yawa, mace tana daka tana saurare.

Ta biyu Tabbat Haƙiƙa, ta Shehu ce da kainai, Nana tam maishe ta Hausa, Isa yay yi mata tahamisi, wato ƙarin layuka har kowane baiti shi kai biyar. Gargaɗi ce ga mai mulki da ka cin amana, da alƙali mai karɓar toshi, da mai tauye mudu a kasuwa. Kowane baiti da kalma guda yaka ƙarewa, yara na iya amsawa kamar amshi. Baban Sadiƙu, kai da ke kasuwa, wagga taka ce.

Maman Hanifa: Ni dai gargaɗi na zo da shi kafin shawara. Na san wani zai ce Dare Dubu da Ɗaya, tunda akwai shi da Hausa kuma dare-dare aka raba shi. Don Allah kada ka buɗe shi a gaban yara da Baba ba tare da ka riga ka karanta wurin kai kaɗai ba. Ni ya taɓa faruwa da ni, ina cikin karanta wa 'yata da 'yar yayata sai na ci karo da abin da bakina ba zai iya faɗa ba, na rufe littafin, su kuma suka dame ni da tambaya. Tafiye-tafiyen Sindibad bakwai ba laifi, kowace tafiya zama ɗaya ce, amma ko su ka duba tukuna.

Shawarata kuma saboda 'yar shekara 6 ɗin nan ce, kada a manta da ita. Tarihin sarakuna barci zai sa ta. Ka ware mata dare ɗaya a mako na tatsuniya. Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya littafi shida ne ƙanana, da hotuna, Hausarsu mai sauƙi. A wannan daren ma ka ajiye littafi wani lokaci, ka ce Baba ya yi "ga ta nan ga ta nanku" da bakinsa. Gizo da Ƙoƙi ba sa bukatar ido.

Baban Sadiƙu: Na gode ƙwarai, ina rubutawa duk. Maman Hanifa, kin tuna min, mahaifiyarmu Allah ya ji ƙanta ita ce mai tatsuniya a gidanmu, ban taɓa jin Baba ya yi ba. Zan gwada roƙonsa. Waƙa fa, jama'a? Na san yana son waƙoƙin boko na zamaninsu, amma ni ban iya rera su ba.

Kawu Bakatsine: Ɗana, in waƙa ce, Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya. Ba don komai na fara da ita ba sai don shi ma mai waƙar makaho ne tun yana ƙarami, da ka ya tsara ta, da kunne mutane suka ɗauke ta. Mu da muka tashi a da, a bakin makafi masu bara muka fara jin ta a ƙofar gida, kafin mu san an buga ta a littafi. Kashi-kashi ce, akwai yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai wa'azi kan ruɗin duniya, akwai mutuwa da kwanciyar kabari. Baiti goma a dare ya isa. Batun ba ka iya rerawa ba, kada ya dame ka. Ka fara layin farko yadda ka iya, na yi maka alkawari mahaifinka zai karɓe.

Maman Hanifa: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma ni ina da ja a nan. Mutum yana fama da ciwon ido, ga kewar matarsa, a zo ana karanta masa mutuwa da kabari da dare? Ina tsoron a ƙara masa tunani. Ai gara a tsaya kan yabon.

Kawu Bakatsine: 'Yata, na fahimci tausayinki, Allah ya yi miki albarka. Amma shekarata 71, bari in gaya miki yadda abin yake a wurinmu. Tunanin nan da kike tsoron a tayar, yana nan tare da mu ko an karanta ko ba a karanta ba. Abin da ya fi ciwo shi ne yara su riƙa kauce wa maganar, kowa na yi maka kamar ƙwai. In aka rera maka baitin da ya faɗi abin da ke ranka, kuma ya haɗa da fatan rahama, sai ka ji ƙirjinka ya yi sauƙi. Sunan waƙar ma ai daga yayewar baƙin ciki aka samo shi. Ban ce a fara da wurin ba. A ba shi zaɓi, shi ya san inda yake so.

Maman Hanifa: To Kawu, a ba shi zaɓin. Amma daren da za a karanta wannan kashin a tura ƙaramar ta kwanta.

Ɗalibar Hausa: Ina ajin ƙarshe a sashen Hausa, ga abin da na ga yana karɓar karatu a bayyane cikin waɗanda muka yi nazari. Sa'adu Zungur: Maraba da Soja, wadda ya yi wa sojojinmu da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu, gajera ce, tana ambaton wuraren da suka yi yaƙi har Bama. Arewa Jamhuriya ko Mulukiya ta fi nauyi, sai an raba ta dare uku ko huɗu, amma tsohon malami zai so ta, don gargaɗi ce ga sarakunan Arewa tun kafin 'yancin kai cewa in ba a gyara ba, ba a nemi ilimi ba, abin da ya sami sarakunan Indiya zai same su. Ya rasu a 1958, bai ga 1960 ba. Mu'azu Haɗeja kuma Tutocin Shehu, ita ce za ta haɗu da Waƙar Gewaye da Malam ya ambata, don tana lissafa waɗanda aka ba tuta da ƙasashen da suka nufa. Sai Aƙilu Aliyu, a cikin Fasaha Aƙiliya da aka buga a 1977. Hausa Mai Ban Haushi faɗa ce ga masu cusa Turanci cikin Hausa, yaranka za su gane kansu a ciki. Amma Hausar Aƙilu tana da zurfi, ni kaina sai da ƙamus na bi wasu baitocin. Ka riƙa tsayawa kana tambayar Baba ma'anar kalma.

Abu ɗaya kan tarihi da nake so a kula. In za a karanta wa yara labarin Bayajida, a riƙa cewa "an ce". Malamanmu sun nuna mana akwai mutane da sarauta a ƙasar Hausa tun kafin lokacin da ake cewa ya zo, labarin kansa ma ya nuna haka, tunda ya tarar da maƙera a Gaya da sarauniya a Daura.

Badauri: Ɗaliba, sannu da karatu, amma rijiyar Kusugu tana nan a Daura, ba "an ce" ba ce, ki zo ki sha ruwanta. Baban Sadiƙu, labarin dare biyu ne cif. Daren farko: fitowarsa daga Bagadaza, zamansa a Barno da auren 'yar Mai, gudunsa, barin matar a Garun Gabas inda ta haifi Biram, da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa. Dare na biyu: saukarsa gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa ta ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijin da ake kira Sarki, ya je da dare ya sare kansa, da safe Daurama ta yi shela, maƙaryata suka yi ta kawo kawunan da ba su dace ba. Sannan Bawo da Karɓagari, da yadda 'ya'yan Bawo shida tare da Biram suka zama Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Wane yaro ne zai ji wannan ya yi gyangyaɗi?

Ɗalibar Hausa: Yaya, ban musa rijiya ba, kuma ban ce kada a karanta ba, ni ma ina son labarin. Cewa na yi yaro ya san bambancin abin da aka gada a baka da abin da aka tabbatar. Dubi Sarauniya Amina. Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. A Zazzau kuma ana cewa 'yar Bakwa Turunku ce, wato ƙarni na 16. Tsakanin maganar biyu akwai fiye da shekara 100. In ka karanta wa ɗan shekara 12 duka biyun ka tambaye shi wanne ya fi kama hankali, ka koya masa abin da ya fi haddar shekaru amfani.

Badauri: Kan Amina na ba ki gaskiya. Kan Bayajida kuwa, mu a Daura kakanmu ne, ba za mu ce masa "an ce" ba. Kowa ya karanta yadda ya gada.

Na Damagaram: Gaisuwa daga Zinder. Ku 'yan Nijeriya kun yi sa'a, naku an buga da Hausa tun da wuri. Mu a lakwal da Faransanci muka karanta namu. Labarin da nake so ku ƙara shi ne na Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Arewa wajen Dogon Dutsi. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, abin da suka yi a Birnin Ƙonni har yau ba a manta ba. Garuruwa da yawa sun miƙa wuya, ita ta tsaya da maharbanta ta yi yaƙi, da abin ya yi tsanani suka janye cikin daji ba ta kamu ba. Watanni kaɗan bayan haka turawan nan biyu sojojinsu ne suka kashe su. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980 da Faransanci. Ni yadda nake yi, in karanta babi in ba yarana da Hausa. Wanda bai da littafin, ko wannan da na faɗa ya isa zama ɗaya, yara mata musamman suna son sa.

Alhajin Kumasi: Mu ma a zango muna da namu. Alhaji Umaru, haifaffen Kano ne a 1858, ya yi karatu a Sakkwato, ya biyo hanyar fataken goro ya zo Salga a ƙasar Gana ta yanzu, daga baya ya zauna a Karaci, nan Gana, har rasuwarsa a 1934. Waƙarsa ta Talauci da Wadata ita nake ba ka shawara. Yana kwatanta yadda ake yi wa talaka a taro, in ya yi magana a ce ya yi shiru, ko da shi ne mai gaskiya, mai kuɗi kuwa ko ya yi ƙarya a gyaɗa kai. Ka karanta ta yau ka ce jiya aka rubuta. Akwai kuma Waƙar Nasara, inda yake jera garuruwa da sarakunan da turawa suka ci ɗaya bayan ɗaya. Wannan za ta zauna daidai bayan labarin da ɗan'uwanmu na Damagaram ya kawo. Da ajami ya rubuta su. Mahaifina yana da kwafi na hannu, da shi ya koya min karatun ajami.

Malam Mai Zaure: Assalamu alaikum. Na ga ba wanda ya taɓo abin da muke karantawa a zaurukan ilimi, alhali shi ma adabi ne, kuma gutsure-gutsure muke ɗaukarsa, ɗalibi ya karanto layi malam ya fassara. In Baba ya taɓa zama gaban malami, zai ji daɗin Muƙamatul Hariri. Muƙama 50 ce, kowace labari guda. Hariri mutumin Basra ne, ya rasu a 1122. Mai ba da labari Harisu ɗan Hammamu, duk garin da ya je sai ya ci karo da wani tsoho mai zaƙin baki, Abu Zaidi, cikin sabuwar kama. A ta farko, a birnin San'a, ya same shi yana wa'azi har mutane na kuka suna ba shi sadaka, ya bi shi a ɓoye zuwa wani kogo, ya tarar da shi gaban gasasshen ɗan akuya da tulun giya. A ta uku an ba shi dinari ya yabi dinari da waƙa, aka ƙara masa wani ya zage shi da waƙa, duka biyun kuma gaskiya ya faɗa. Wanda ya san Ruwan Bagaja zai ga inda haɗuwar Alhaji Imam da Malam Zurƙe a gari bayan gari ta samo kama.

Cikin Shu'ara kuma, wato waƙoƙin Larabawan jahiliyya, mu'allaƙar Zuhairu nake so a karanta wa matasa. Yana da shekara 80 ya yi ta, yana yabon dattawa biyu, Harimu ɗan Sinanu da Harisu ɗan Aufu, da suka ɗauki diyyar waɗanda aka kashe a kan dukiyarsu don a kashe wutar yaƙin Absu da Zubyanu, yaƙin da tseren dawaki ya haddasa. Yadda ya siffanta yaƙi, cewa in ka tayar da shi zai niƙe ku kamar dutsen niƙa, ya kamata kowane ɗan Arewa ya ji shi a wannan lokaci da muke ciki. Baitocinta wajen 60 ne. Larabcinta sai da malami, don haka ka samu wani a unguwarku ya fassara maka, ka ɗauka a waya, ku saurara tare.

Malama Ta Zazzau: Allah ya gafarta Malam, tunda ka ambaci Ruwan Bagaja, bari in ƙarasa. Littattafai biyar ɗin da suka fito daga gasar 1933 ta Hukumar Talifi a Zariya duk ƙanana ne: Ruwan Bagaja, Ganɗoki na Bello Kagara yayan Imam, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Ba na zama ɗaya ba ne, amma kowanne mako ɗaya zuwa biyu zai ƙare. Ruwan Bagaja ya fi sauƙin yankawa. Shaihu Umar kuwa a ajiye shi sai an saba, don wurin da uwar take bin sawun ɗanta har ƙetaren hamada tana faɗawa hannun masu bauta, ni har yau ba na iya karanta shi a aji muryata ba ta rawa ba.

Mai Littattafai: Sana'ata ce, bari in faɗi abin da ke samuwa. Magana Jari Ce, Ruwan Bagaja, Shaihu Umar, Ganɗoki, Iliya Ɗan Maiƙarfi, waɗannan ba sa yankewa a shagunan Sabon Gari a Kano da na Zariya, saboda ana yin su a makaranta. Ishiriniya da Burda da Muƙama sai Kasuwar Kurmi. Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da Kano Ta Dabo Cigari sun yi wuya, sai an yi cigiya ko a samu tsohon kwafi. A kula da bugun jabu. Na taɓa saro katan guda a hannun wani, da na buɗe sai na ga shafi 16 babu a tsakiyar kowane kwafi, wasu shafukan kuma tawada ta dushe. Kafin ka biya ka bi lambobin shafi, ka duba ƙ da ɗ da ɓ sun fito da lanƙwasarsu. Kuma kafin ka sayi komai, Baban Sadiƙu, ka buɗe akwatin Baba. Malamin da ya yi shekara 35 yana koyarwa, rabin abin da aka lissafa a nan yana ɗakinsa.

Baban Sadiƙu: Jama'a, na dawo da bayani bayan kwana tara. Mai Littattafai, maganarka ta tabbata. A cikin adakar Baba na samu Magana Jari Ce na ɗaya da na uku, Waƙoƙin Sa'adu Zungur, Imfiraji kashi uku, da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu littafi na ɗaya, bangonsa ya cire amma shafukan suna nan. Mun fara da Kalala kamar yadda Malama ta ce. Ban kai rabin shafi ba ya tsayar da ni, ya ce ina gudu kamar mai karanta sanarwa, in riƙa sauke numfashi inda aka sa waƙafi. Dare na huɗu na ɗauko Imfiraji, na fara layin farko, sai ya karɓe kamar yadda Kawu ya faɗa, ya rera baiti wajen 20 da ka, ni ina bin sa da yatsa a littafi, kalma biyu kawai ya sauya. Shi da kansa ya ce a kai shi kashin mutuwa, mun yi shi bayan yara sun kwanta. Ya yi shiru, sannan ya yi wa mahaifiyarmu addu'a, ya ce gobe a ci gaba. Tatsuniya ce dai har yanzu ya ƙi, ya ce wannan fagen matarsa ne, don haka Sadiƙu ne yake karanta wa ƙannensa ranar Alhamis. Minti 15 ɗin yanzu yakan kai 40. Abin da nake nema yanzu Magana Jari Ce na biyu, tsohon bugu in da hali, don ya ce a nan ne aku ya yi gasar labari da Haziƙ.

Mai Littattafai: Ina da na biyu tsohon bugu guda ɗaya, takardar ta yi ja amma cikakke ne. Na ajiye maka shi. Ka zo da Labarun Hausawa ɗin ma in kai wa mai ɗinki ya sa masa sabon bango, kwana biyu ake yi.